Sunan Yayar Latifa

Old Trafford, Manchester
Ƙarshen Fabrairu

Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Dakta Abdulsalam da Latifa. Ya gwiwar taki? Ina fata kin je wajen GP, likitan unguwarku, kamar yadda kika yi alkawari, ba kin tsaya shafa man zafi daga kemis ɗin naku kina cewa da sauƙi ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ruwan da ba ya gajiya. Aiki kuma kin san shi, matan Manchester ba su daina haihuwa ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda har da kan sarki. Na kira ki a kan maganar nan kika ce tukunya na kan wuta. Na sake kira kika ce akwai mai jiran magani. Ita takarda ba ruwanta da tukunya, za ta zauna a kan teburinki har ki karanta.

Maganar Shifa ce. E, na rubuta sunan, ni ai ba 'yar farina ba ce.

Kin san wasan nan da take yi a jami'a, wanda kike ce wa jifa da murfin bokiti. Sunansa firisbi, kuma faifan roba ne, ba murfi ba. Mutum bakwai-bakwai ake yi. Wadda faifai ke hannunta ba ta gudu da shi, sai dai ta jefa wa 'yar'uwarta, har a cafe shi a ƙarshen filin abokan karawa. Abin da ya ɗaure min kai ranar da na fara zuwa kallo shi ne babu alƙalin wasa. Ba usur, ba kati. In an yi karo, su biyun za su tsaya, kowacce ta faɗi abin da ta gani. In sun kasa daidaitawa, faifai ya koma hannun wadda ta jefo shi, a ci gaba. In an tashi kuma sai ƙungiyoyin biyu su yi da'ira, a dafa kafaɗar juna, kyaftin ɗin kowane ɓangare ta yabi ɗaya ɓangaren.

To, 'yarki ce kyaftin ɗin tasu tun bara, idan ba a gaya miki ba. Bana kuma kyaftin-kyaftin na sauran jami'o'i suka haɗu suka zaɓe ta a ba ta lambar yabo ta shugabanci da kyakkyawar mu'amala a fili. Ki lura, ba 'yan ƙungiyarta ne suka zaɓe ta ba, waɗanda take kayarwa ne. Za a ba ta a gasar ƙarshe cikin watan Mayu, kuma a ina? A Birmingham, a ƙarƙashin hancinki. Al'adarsu ita ce wani daga cikin dangi ya fito ya kira sunan mai lambar ya miƙa mata.

Na ce mata ni ga ni, har na fara tunanin leshin da zan saka. Sai ta ce, "Anti, Mama nake so." Ta ƙara da cewa, "Amma kada ki gaya mata, ba za ta zo ba." To ga shi na gaya miki.

Yaya, tun da yarinyar nan ta sauka a flat ɗina ban taɓa jin ta nemi wani abu a wajenki ba sai wannan.

Ƙanwarki,
Sabuwa

*

Sparkhill, Birmingham
Farkon azumi

Sabuwa,

Wa alaikumus salam. Mun sha ruwa lafiya, da fatan ku ma haka. Gwiwa da sauƙi. Ban je wajen GP ba, ina da GP a gida yana min minshari kyauta. Latifa na gaishe ki, tana fama da karatun jarrabawa, ko kuma da waya, daga bakin ƙofa ba a bambancewa.

Na karanta maganar 'yar taki. Alhamdulillahi, Allah ya ƙara rufa asiri. Babanta ya karanta ya yi ta washe baki kamar shi ya jefa murfin.

Amma ke ma kin san abin da kike nema ba mai yiwuwa ba ne. Ni in tashi gaban jama'a in riƙe lasifika in kira sunan yayar Latifa? Ke kin taɓa jin Inna ta kira sunana? Har ta koma ga Allah ni "ke" ce, in ta ga dama "yayar su Sabuwa". Ranar da na gama karatu a Zariya, Goggo Laraba ce ta yi guɗa har muryarta ta dishe, Inna tana ɗaki tana tankaɗe kamar ba a gidanta ake taron ba. Ban taɓa kwana da tunanin ba ta so na ba. Na san wa ke ɓoye min ƙoƙon fura a bayan randa don kada ku shanye.

Haka aka yi mu. Uwa ba ta yabon 'yar fari, ba ta tsaya a kanta a cikin mutane. Wannan aikin dangi ne, kuma ba ƙaramin girma ba ne a ce ke ki yi. Don haka ki saka leshinki ki je. A wurin nan ke ce uwarta, ba ni ba. Ai na ba ki ita tun ranar da babanta ya sauke akwatinta a ƙofarki.

Zan aiko da dambun nama bayan Sallah, ki ba ta ta raba wa 'yan jifan nata. Ki ce ta riƙa saka safa mai kauri, filayen nan a jiƙe suke.

Yayarki,
Zinatu

*

Old Trafford
Tsakiyar azumi

Yaya,

Da fatan ana shan ruwa lafiya. Mu ma ƙalau a jiki. A rai ne ba ƙalau ba, kuma da hannuna a ciki.

Da takardarki ta iso, ni na ji daɗinta. Na ga safa, na ga dambu, na ga yadda kika ce babanta ya washe baki don kada ki ce ke kika washe. Ni na iya karanta ki. Sai wauta ta ja ni na ce bari in karanta wa Shifa a wajen buɗa-baki, ita ma ta ji. Ina zuwa inda kika ce ni ce uwarta ba ke ba, kin ba ni ita tun da aka sauke akwati, sai na ga ta ajiye dabinon da ke hannunta.

Ta ce, "Anti, sake karanta wurin nan."

Na ce ba abin da take zato ba ne, girmamawa ce, haka ake yi a gida.

Ta ce, "It's fine, Anti. Dama na sani, yau dai na ji a rubuce." Ta ce duk taron makarantar Latifa kina kujerar gaba kina ɗaukar hoto, kina "Latifa, Latifa" har malamai sun san muryarki. Ta ce ita tun tana firamare in an zo ɗaukarta, iyayen wasu na kiran sunan 'ya'yansu daga bakin ƙofar makaranta, ke sai dai ki ɗaga mata hannu. Ta ce akwai lokacin da ta zaci sunan ne ba ki so, har ta tambayi babanta ko shi kaɗai ya zaɓa.

Na yi mata bayanin kunyar 'yar fari iya iyawata. Ta saurara, ba ta yi min musu ba, kin san ta. Da na gama ta ce, "To ai an ba ni labari. Labari daban, ji a jiki daban."

Ba za ta zo Sallah ba, ta ce akwai atisaye. Babu wani atisaye ranar Sallah, ita ce mai tsara musu lokaci. Abin da ya fi tayar min da hankali, ta nemi aiki a Glasgow bayan ta gama, kuma sun kira ta. Wanda ta samu a Birmingham ta ce za ta ce musu ta gode. Yarinyar nan ba fushi take yi ba, Yaya, tattara kayanta take yi a hankali.

Yanzu bari in faɗa miki wadda ba za ki so ba, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Kin kawo min misalin Inna. Gidanmu na Gwammaja mutum nawa ne a ciki? In Inna ta rufe baki, Goggo Laraba na nan, Iya kakarmu na nan tana miki kirari in kin share tsakar gida, har matan maƙwabta. Sunanki a bakin mutum goma yake kafin azahar. Ita Shifa wa ta samu a Sparkhill? Daga ke sai Dakta da ke fita da asuba. Ni kuma ina Kano sai da ta girma na zo. Kin ɗauko kunyar kin hau jirgi da ita, kin baro masu guɗar a gida.

Ba na ce ki zama Baturiya ba. Ki dai zo.

Sabuwa

*

Old Trafford
Afrilu

Yaya Zinatu,

Barka da Sallah, ko da ta wuce. Da fatan kowa lafiya.

Dambu ya iso, na gode. Na zazzage kwalin har ƙasa ban ga ko layi ɗaya ba. Na kira, Latifa ce ta ɗauka, ta ce kin fita. Ta ce yanzu duk yammacin Asabar sai ki ɗauki lema ki fita, ba kya faɗin inda za ki. In fushi kike da ni, ki zage ni a rubuce, na fi son haka da shirun nan.

Ga kuma wata sabuwa. An saka ni aiki a ƙarshen makon gasar, na roƙi kowa a ward ɗinmu na asibiti ya canza da ni, babu mai iyawa. Wato leshina ba zai ga Birmingham ba. Na gaya wa Shifa, ta ce ba komai, kocinsu zai miƙa mata. Tana ta duba ɗakunan haya na Glasgow a kan teburin kicin ɗina.

Ki ce wani abu, don Allah.

Sabuwa

*

Sparkhill
Ƙarshen Afrilu

Sabuwa,

Lafiyarmu ƙalau. Ba fushi nake ba. Na yi fushin, ya yi kwanakinsa ya wuce. Maganarki ta yi min zafi ne don ban samu inda zan ƙaryata ta ba.

Ranar Sallah na zuba wa yayar Latifa waina na rufe, kamar kullum, ba tare da na yi tunani ba. Kwanon yana nan a rufe har washegari. Ni da kaina na buɗe na juye wa Latifa, kuma ban ji daɗin hannuna ba.

Tunda Latifa ta kai ƙarata, bari in faɗa miki inda nake zuwa. Wata mai sayen magani a wurinmu ce ta ce min akwai masu irin wannan wasan a filin shaƙatawa na wajen Balsall Heath duk Asabar. Sai na ce bari in je in ga abin da ya ɗauke min hankalin yarinya. Ina zama a benci da lemata kamar mai jiran bas. Wata Baturiya mai furfura a cikinsu ta gaji da ganina, ta zo ta zauna tana min bayani ba tare da na tambaye ta ba.

Sabuwa, ashe wasan nan namu ne. Ba mai yabon kanta, ba mai yabon 'yan gidansu. Sai wadda kika kara da ita ce za ta tashi ta faɗi alherinki. A duk ƙasar nan da yaro ke zana kyanwa a manna a jikin firij, ban taɓa ganin inda aka bar yabo a bakin bare ba sai a wajen masu murfin bokiti. Kuma na ga wani ƙato ya cafe faifai a ƙarshen fili, kowa na tafi, shi da kansa ya ɗaga hannu ya ce ƙafarsa a waje take. Na ce a raina, wadda irin waɗannan suka zaɓa su ba lamba, to ba ƙaramar mutum ba ce. Kin ji, ban ce kowa ba.

Na kuma koyi cewa na bakin layi ma da aikinsu. Mai tsaron wata tana bin ta ne da gudu, ta ba faifai baya, ba ta ganin lokacin da aka jefo shi. Sai na waje su zama idonta, su ƙwala mata kira da sunanta su ce yana sama, ta juyo ta tare. Matar ta ce in gwada. Na ce mata ni 'yar kallo ce.

Ga abin da na yanke. Zan je. Zan tsaya can nesa inda ba mutane, in gani da idona. Babanta ne zai kira suna ya miƙa, na riga na gaya masa, har ya kai babbar rigarsa wanki. Iyakar abin da zan iya ke nan, kada ki ja ni gaba da haka. Kuma kada ki karanta wa kowa wannan a wajen cin abinci.

Zinatu

*

Sparkhill
Mayu

Sabuwa,

Da fatan kin fito aiki lafiya, Allah ya raya waɗanda kuka karɓa. Mu ƙalau, sai gwiwa da ta tashi saboda tsayuwa, da kuma maƙogwaro. Na san babanta ya kira ki ya ba ki labarin da gishirinsa. Ga nawa, yadda abin ya faru.

Mun isa ana wasan kusa da na ƙarshe. Dakta da Latifa suka shige cikin mutane. Ni na zagaya can kusurwar ƙarshen fili, gindin wata bishiya, ni kaɗai. Ban san ko yayar Latifa ta gan ni ba.

Ban taɓa ganin ta haka ba. Yarinyar da a gida sai ka kasa kunne kafin ka ji maganarta, ga ta tana tsakiyar fili muryarta na kai wa ko'ina. Wata 'yar tasu ta saki faifai a hannu ta tsaya kamar za ta yi kuka, ta je ta dafa ta, ta faɗa mata wani abu, yarinyar ta yi dariya ta koma. Wata kuma, wadda na ga ta fi kowa iyawa a cikinsu, ta yi wa abokiyar karawa gwalo bayan ta ci, nan take yayar Latifa ta fitar da ita ta zauna a waje, alhali ana kunnen doki.

Suka kai na ƙarshe. Suka haɗu da wasu 'yan Bristol, kyaftin ɗinsu wata doguwa mai suna Chloe. Aka yi ta yi har aka zo inda duk wanda ya ci shi ke da kofi. Faifai na hannun 'yan Bristol. Sai na ga Chloen nan ta yanko da gudu ta nufo kusurwata, yayar Latifa na binta a baya, ta ba faifai baya. Aka jefo shi, dogo, yana tafe a sama. Iska tana kaɗawa ta wancan ɓangaren, 'yan ƙungiyarta duk suna can nesa suna ihu, ba ta jin su. Ni ce kusa. Na ga sarai in ta juyo a lokacin za ta riga waccan.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Ji kawai na yi bakina ya buɗe.

"Shifa! Yana sama!"

Sabuwa, sai yarinyar nan ta tsaya cak. Ba ta kalli sama ba. Ni ta juyo ta kalla, hannuwanta a sake, baki a buɗe. Faifai ya wuce ta saman kanta ya sauka a hannun Chloe. Kofi ya tafi Bristol, kuma ni na kai shi.

Na so ƙasa ta tsage. Amma Chloe ba ta yi murna ba. Ta dawo da faifan a hannu ta ce mata ta ga ta tsaya, in wani kira ta ji ta zaci an tsayar da wasa, to a maimaita, ita ba ta son ci irin wannan. 'Yan Manchester duk sun zuba wa kyaftin ɗinsu ido, kalma ɗaya za ta faɗa a dawo musu da damarsu. Ta girgiza kai. Ta ce ba wanda ya tsayar da wasa, cin nasu ne halal. Ta nuno ni da hannu ta ce, "Mamana ce ta kira ni."

Da aka yi da'irar, ba su bar ni a gindin bishiya ba, yara biyu suka zo suka jawo ni, na tsaya tsakanin wata mai zufa da wata mai laka. Chloe ce ta yi magana a madadin waɗanda suka yi zaɓen. Ta ce shekara uku suna karawa, ba ta taɓa jin ta yi ƙarya a kan layi ba, ko da za ta sha kaye. Ta ce amma abin da ya sa kowa ya rubuta ta shi ne ta san sunan kowa. Kafin kowane wasa sai ta nemi sunayen abokan karawa ta haddace, har sabuwar da aka kawo jiya. In ka yi abin kirki a fili, ko a kanta ka yi, za ka ji ta kira sunanka ta ce ka kyauta. Ta ce akwai waɗanda ba su bar wasan ba don kawai kyaftin ɗin wata jami'a ta san sunansu.

Kowa ya tafa. Ni ban iya ba, don na san inda ta koyi darajar abin.

Da aka zo miƙa lambar, Dakta da babbar rigarsa ya ƙi motsi, ya turo ni gaba. Ban riƙe lasifika ba, kada ya gaya miki na riƙe. Na miƙa mata da hannu biyu na ce Allah ya yi albarka. Ta rungume ni da lakarta da komai, na bar ta.

Ta biyo mu gida. Muna shiga falo, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Mama, sake faɗa." Na ce ta rufa min asiri, wancan aikin bakin layi ne, faifai ne a sama. Sai ta zuge jakarta, ta zaro faifan, ta wurga shi sama a tsakiyar falona. Ta ce, "To ga shi a sama."

Ya daki ƙwan fitila, ya sauko da shi. Na faɗa dai, muna tsaye a cikin fasassun gilashi, ba ihu wannan karon. Latifa ce ta share.

Maganar Glasgow ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba, aikinta ne. Amma jiya na ji ta a waya tana tambayar masu aikin Birmingham ko har yanzu suna jiran amsa, kuma ta auna bangon ɗakinta wai za ta kafa ƙusa ta rataye lambar. Ta ce akwai wasan bazara a nan, suna neman mutane a bakin layi, amma sai na yi alkawarin zan riƙa kira tun a atisaye har kunnenta ya saba, don kada in sake jawo musu asara.

Ki ajiye leshinki, za a samu inda za ki saka. Shifa na gaishe ki, ta ce ki turo mata da safarta da ta bari a kan hitar ɗumama ɗakinki.

Yayarki,
Zinatu